Burtalin da Baffa Ya Tafi da Shi

Damina goma sha ɗaya ke nan da muka kai Baffa makwancinsa. Mahaifina nake nufi, haka muke kiransa, mu Fulanin da muka zauna gari har Fulatancin ya kusa kuɓuce mana. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan sa a yi masa saukar Alƙur'ani, in raba waina ga maƙwabtana a unguwar Takur ta Dutse, in yi kewarsa kamar kowane maraya. Bana kewar da tsoro ta zo. 

A ƙauyenmu, can ƙasar Buji, akwai burtali, hanyar da shanu ke bi ta tsakanin gonaki su isa tafki. Ba a taɓa rubuta iyakarsa ba, ba a kafa masa turke ba, a cikin kan Baffa yake. Da zarar hadari ya fara haɗuwa, kafin kowa ya sa sungumi a ƙasa, sai ya ɗauki sandarsa da sassafe, manoma biyu ko uku a bayansa, wakilin Ardo shugaban makiyaya a gefensa, su taka hanyar tun daga bakin gari har bakin ruwa. Yana tafe yana nunawa: daga kiryar nan zuwa surin can taku kaza, daga suri zuwa tushen gamba taku kaza. Wanda ya ci hanya sai ya ce masa, "Malam, wannan kunyar ta shanu ce, a mayar musu." Ba mai musu. Yana da garke, yana da gona, kuma 'yar manoma ya aura, wato mahaifiyata. Kowane ɓangare na ganin nasa ne.

Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce, "Habu, taso ka ga hanya." Ni kuwa ɗan boko, sai in ce ina da karatu. Karatun me? Barci ne kawai. Sau ɗaya na bi su, ƙarangiya ta cika mini wando, na juyo tun ba a kai rabi ba. Bai yi faɗa ba. Wallahi da ma ya zabga mini sandar nan.

Shekara uku bayan rasuwarsa aka tashi bikin ƙanwata, aka rasa itacen girki. Na zo daga Dutse ina baza babbar riga, wai ni ne babba, aka tambaye ni. Na hango tsohuwar kirya a gefen gonarmu, rabinta ya bushe, na ce, "Ku sare waccan mana, amfanin me take yi?" Aka sare. Maƙerin gari ya zo ya tone kututturen ya yi gawayi. Dattawan da suka san mece ce bishiyar suka yi gum, a zatonsu ɗan marigayi ba zai yi haka da ka ba. Sai daga baya na ji cewa daga gindinta Baffa yake fara ƙirga taku. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma ni da bakina na ba da umarnin. Bayan haka tarakta ta baje surin, gamba kuma aka yi ta yanka ana saƙa zana har ta ƙare.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowace damina wani ya ƙara kunya ɗaya, har hanyar da garke ke wucewa a sake ta koma sai shanu sun jeru ɗaya bayan ɗaya. Makon jiya shanun ruga suka faɗa gonar waken Kawu Sale, yayan mahaifiyata. Ɗansa ya sari saniya da adda. Yanzu samarin ruga ba sa fita sai da kwari da baka, samarin gari kuma gatari ne a kafaɗa maimakon fartanya. Kuma duk dangina ne, nan da can.

Mai unguwar ƙauyenmu ya kira ni a waya. "Malam Habu, Ardo ya yarda, kawunka ya yarda. Inda ɗan marigayi ya nuna, nan ne iyaka. Ka zo ranar Asabar." Ban gama salati ba Kawu Sale ya kira, ya ce, "Ɗana, ka dai tuna cikin da ka fito." Washegari ƙwaryar man shanu ta iso gidana daga Ardo, babu saƙo ko ɗaya tare da ita. Na fahimci dukansu biyun.

Ina tambayar kaina me Baffa zai ce da ya ga wannan zamani. Wani abokin aikina ya ce in duba taswira a waya. Na duba, na ga kore da ja-ja, ban ga inda Baffa yake tsayawa ya dogara sanda ba. Ina jin ba wayar ce za ta ba shi mamaki ba. Abin da zai sa ya riƙe haɓa shi ne jikokin mutanen da suke cin tuwo akushi ɗaya a zaurensa su ne yau suke wasa ƙarfe domin juna. Zai kuma waiwayo ya dube ni, kuma wannan kallon nake gudu ko a mafarki.

Shanunsa an raba, zauren ya rushe. Abin da ya rage na Baffa shi ne yardar da mutane suka yi masa, wadda har yau take da ƙarfin da za ta sa masu makami su dakata su jira ɗansa. Ita ce kuma take firgita ni. Ana cewa ɗan na gada ya fi ɗan na koya, to ni ban koya ba, sunan kawai na gada. Ko ina na nuna za su karɓa, in kuwa na kauce da taku biyar, wanda aka zalunta zai gane wata rana, ya tsine mini, ya haɗa da wanda ke kabari. In na ce ban sani ba, na cire abu na ƙarshe da ya tsaya tsakanin addar ɗan kawuna da kibiyar yaran Ardo.

Na yanke shawara. Zan tsaya gabansu in ce ban san hanyar ba, kuma ni na sa aka sare kiryar. Cikin waɗanda suke bin bayan Baffa saura tsofaffi biyu, ɗaya ma ba ya gani. Zan roƙi a riƙo hannunsu mu taka tare, ko Allah zai sa ƙafafunsu su tuna. Ko samarin za su yi haƙurin tafiyar tsofaffi, wannan ban sani ba.

Allah ya jiƙan Baffa, ya sa kada in zubar masa da abin da ya bari. Mai karatu, ka sa mu a addu'a ranar Asabar. Uwargidana ta ce kada in je. Na ce mata dole ne, sannan na nuna mata inda takardun gida da na makarantar yara suke.