Kunyar Zubaidatu

Ni da Zubaidatu mun taɓa yin faɗa a bakin titi saboda miyar albasa.

Maƙwabciyata ce a unguwar Jarwal ta Makka, mai sayar da yaji da kuka, mutuniyar kirki amma ga taurin kai. Ɗanta na fari, Rakan, ya koyo girkin Faransawa, ya buɗe ɗan gidan abinci a unguwar Aziziyya. Ya gayyace ta, ta ja ni rakiya.

Da kansa ya kawo miyar, cuku ya narke a kai, ya tsaya yana murza hannu. Ya ce, "Ummi, ɗanɗana mana."

Ta kau da kai. Ita 'yar gargajiya ce, ba ta faɗin sunan ɗan fari, balle ta ci abinci yana kallo ta yaba. Shi kuwa haihuwar Makka ne, bai san wannan kunyar ba, ya ɗauka ƙyama ce. A gaban ma'aikatansa ya ɗauke kwanon, idonsa jajur. Ni da na cika baki da burodi na rasa inda zan sa fuskata.

Muna fita na ce, "Kin kashe yaron nan a tsaye." Ta ce haka ta taras a gidansu. Wata guda ba ma gaisawa.

Bai sake gayyatarta ba. Ashe aikawa take a sayo mata miyar a ɓoye, ta shanye a ɗaki. Sai da ciwon ajali ya kwantar da ita ta gaya mini, ta roƙe ni kada ya ji.

Na ce, "Yafe ni tun yanzu, Zubaidatu, don daga nan wurinsa zan nufa."