Sunan Kaka a Lasifikar Uhudu

Yayana da ke karatu a Jamus shi ya jawo komai. Tun da Disamba ta kama yake damuna da hotunan kasuwar Kirsimeti, rumfunan katako da fitilu har kan bishiya, mutane sun dunƙule cikin riguna suna shan abu mai tururi. Na ce masa mu ma muna da kasuwa a Madina, ya bari zai gani.

A lokacin Kaka, mahaifiyar Babanmu, ta zo umara daga Kano, tana wurinmu a unguwar Jurf. Larabcinta bai wuce na salla ba, ba ta riƙe waya, ga ciwon suga. Baba zai wuce kantin maganin da yake aiki, ya ajiye mu a kasuwar Uhudu bayan la'asar, ya ce in kula da ita.

Na kula, wallahi. Gefen abayarta na riƙe da hagu, waya a dama, na kira Yaya ta bidiyo ina nuna masa tulin dabino da ganyen na'ana da carbi da turare.

"Ina fitilunku?" in ji shi.

"Mu da rana muke cin kasuwa, ba mu da abin ɓoyewa."

Sai ya juya wayarsa ya nuno wani mai farin gemu cikin jajayen kaya. Kaka ta leƙo ta ce, "Wannan malamin, gemu tubarkalla, amma wa ya ɗinka masa kayan 'yan kwana-kwana?" Yaya ya yi ta dariya, ni ma haka, muka ci gaba da musu ina tafe ina jan abaya.

Da na waiwaya don in nuna mata wata tasbaha mai ƙyalli, sai na ga wata 'yar Indunusiya nake ja. Baiwar Allah tana biye da ni tana murmushi, ko a jikinta. Allah kaɗai ya san tun daga ina.

Na katse kiran, na duba ko'ina, babu Kaka. Motocin maziyarta suna ta cika suna tashi, ni kuwa abin da nake gani a raina shi ne Kaka ta bi wani ayari ta hau mota, suganta ya faɗi, ba ta iya gaya wa kowa komai ba.

Na ƙwala kira, "Hajiya!" Rabin kasuwa ya waiwayo, har da wata mai sayar da safa. A Madina wace ce ba Hajiya ba?

Wani dattijo mai dabino, Bahaushen Sudan, ya ga ina kuka. "Ya binti, lafiya?" Na gaya masa da Hausa da Larabci a cakuɗe. Ya bar rumfarsa ya aro lasifikar hannu wurin wani jagoran maziyarta, ya ce, "To, sunanta?"

"Kaka."

"Wannan ba suna ba ne, 'yata."

"Hajiya Babba."

"La haula. Sunan yanka nake tambaya."

Kaina ya ɗauke ɗif. Tun da na yi wayo ban taɓa jin wani a gidanmu ya kama sunanta ba. Na kira Baba.

"Baba, mene ne sunan Kaka?"

"Ke, lafiyarki ƙalau? Sunan wa?"

"Ta ɓata, Baba! Shela za a yi!"

Ya yi salati, na ji wani abu ya faɗi a kantin. Amma ko a haka bakinsa ya ƙi. Sai cewa ya yi, "Da wane suna ake kiranki a makaranta?"

"Baba, ba ni ce na ɓata ba!"

"Don me kike tsammani nake ce miki Mamana? Ki ba su sunan mana!"

Na sani fa. Tun ina ƙarama na san sunanta na ci, tsoro ne ya share min. Na faɗa wa dattijon, ya hau kan kwandon dabino ya dinga kwarara sunan da Hausa, duk kasuwa na ji, tantabaru na tashi.

Can sai ga ta ta ratso mutane da gwiwar hannu, ledar na'ana a hammata, bakinta cike da dabinon ɗanɗano. "Ina yarinyar take? Ni ce kakarta!"

Na faɗa jikinta ina kuka. Ta dudduba ni sama da ƙasa ta ce, "Ƙatuwa da ke, a garin da aka haife ki, ki ɓata har a yi shelarki? Ina can ina taya wata 'yar Chadi hira na ji sunanki, gabana ya faɗi."

"Kaka, ke fa ake kira."

Ta daina tauna. "Ni? Wane marar kunyar ne ya kama sunana a tsakiyar kasuwa?"

Dattijon ya sauko daga kan kwando a hankali, ya mayar da lasifikar bayansa, ya ce, "Hajiya, ga dabinon ajwa sabon zuwa, ko za ki ɗanɗana?"