Rawanin da Aka Ɗaure Ƙafar Mushe Idirisa da Shi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Mushe Idirisa (Mushe muke ce wa malamin boko), tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko ta nan Gure, yana da shekara saba'in da ɗaya. A garkarsa ta cikin kwari abin ya same shi, ya cika a kan amalanke kafin a iso da shi gidan likita. Ni Hamsatu ɗalibarsa ce, kuma ni ce majo, ma'aikaciyar jinyar da ta tarbi gawarsa a bakin ƙofa.

Mushe, ban taɓa ganinka zaune a aji ba. Kujerarka littattafai ne a kanta, kai kana tsaye daga safe har azahar, shekara talatin da biyu. Mu da muka fito daga ƙauyukan Kelle ba mu jin ko kalma ɗaya ta Faransanci, sai ka maimaita mana da Hausa, ka juya ka maimaita wa ƴan Bune da Barbarci, ba ka taɓa ce da kowa daƙiƙi ba. Shekarar da na karye a hannu, kai ka riƙa zuwa gidan gwaggona bayan la'asar kana karanta mini darasi, har na ci jarrabawa da hannun hagu. Da ka yi ritaya ka koma garka, dabinon farko na kowace shekara marasa lafiyarmu ne ke cinsa.

Tsayuwar nan ce ta bar maka jijiyoyin ƙafa, suka kumbura suka murɗe kamar igiyar guga, fatar kansu ta yi siriri. Bara ɗanka Tahiru ya aiko daga inda yake aiki a ƙasar waje cewa akwai sabon magani, wani gam na likita da ake zura wa jijiyar da ta lalace a manne ta, ba yanka, mutum ya tashi ya tafi gida da ƙafarsa. Ka zo wurina kana dariya, ka ce, "Ɗiyata, wai ni takalmi ne da za a manne? Ki bincika mini. In kin ce in je, na tafi."

Na bincika, Allah Ya sani. Abin da na karanta ya nuna yana yi wa mafi yawan mutane aiki, amma wasu wurin kan yi musu ja da zafi, wasu kuma jikinsu ba ya karɓar gam ɗin. Sai tsoro ya kama ni. Duk zuwan da ka yi, amsata ɗaya ce, a ƙara haƙuri in ƙara tambaya. Wata bakwai ina ƙara tambaya. Kai kuma ba ka taɓa matsa mini ba, sai dai ka ce da ni lokotoro, likitan da ba ya gama karatu.

Ranar nan ƙayar dabino ta tsaga jijiyar, jini ya ɓalle. Maƙwabtanka na garka, Barmo da Hashimu, suka yo gudu. Duk wanda ya girma a kwari abin da ya gada a kan ciwon ƙafa shi ne na sarar maciji, a ɗaure sama da wurin. Barmo ya kwance rawaninsa ya ɗaure maka ƙasan gwiwa, suka zaunar da kai a kan amalanke ƙafa tana lilo. Irin wannan ɗauri ba ya hana jini sauka, komawarsa yake hanawa, don haka zubar ta ƙaru. Da an kwantar da kai, an ɗaga ƙafar sama, an danne wurin da hannu, da wataƙila ya tsaya. Wannan na san shi tun shekarar farko ta karatun aikina. Magana ce da ba ta kai minti ɗaya ba, kuma ban taɓa gaya maka ba, hankalina yana can kan maganin ƙasar waje.

Na san ajali ba ya jira, ba ya wuce lokacinsa. Na yarda da haka, amma zuciyata tana ciwo, kuma ina jin kunya.

Baba Barmo, an ce tun ranar ba ka sake naɗa rawani ba, kana cewa kai ka kashe amininka. Wallahi ba haka ba ne. Kai ka yi abin da ka sani, da gudu. Wadda ta san abin da ya kamata amma ta yi shiru, ita ce ni. Ka naɗa rawaninka, Baba.

Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinsa Inna Zaituna, da Tahiru da ƙannensa, da dukan waɗanda suka zauna gabansa a aji. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Ya Allah Ka jiƙan Mushe Idirisa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Mushe, ba na iya neman gafararka yanzu, a wurin iyalinka nake nema. Inna, ki yafe mini.