Bawul ɗin Tagulla na Kawu a Gwarzo

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da abokina mai gyaran injina, da jakar bacco cike da manyan bawul na roba guda huɗu, wato abin buɗe bututu da rufe shi. Taubashina ne ya kira ni daga Gwarzo, babban ɗan kawuna, wanda ke tsaye a kan injin sassaƙa katako mai kwamfuta da mahaifinsa ya saya. Ya ce teburin injin ba ya riƙe katako, in taho da bawul masu faɗi, amma kada in kuskura in ce shi ya kira ni. Na yi masa tsiya cewa da gemunsa da 'ya'yansa yana tsoron Baba, bai yi dariya ba.

A tasha kuɗin mota ya sake hawa tun da aka janye tallafin mai, har wani dattijo ya tambayi kwandasta ko Gwarzon aka matsar gaba. 'Yan Hisba na tsaye a bakin ƙofa, mata sun cika kujerar baya, mu kuwa aka cusa mu huɗu a mazaunin mutum uku. Bayan Rimin Gado direba ya riƙa kashe mota a kowace gangara don tattalin mai. Mun sauka a mararrabar Kabo mun karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har na ji tausayin waken, amma kokon da zafinsa da yajinsa.

Da hantsi muka isa shagon. Ga wanda bai san injin ba: ba a ɗaure katako a kansa, iska ce ke zuƙe shi ta ƙasa ya manne da tebur. An raba teburin gida huɗu, kowane gida da bututunsa da bawul ɗinsa. Ka buɗe na ƙarƙashin katako, ka rufe sauran, don ƙarfin zuƙar ya taru wuri guda.

Na leƙa ƙasan teburin, sai na ga bututu mai kaurin damtse, amma an ƙanƙance bakinsa an ɗaura masa 'yan ƙananan bawul na tagulla irin na famfon gida, suna ta ƙyalli. Ramin cikinsu ko ɗan yatsa da ƙyar ya shiga. Ga shi irin na murɗawa ne, garin katako ya cika su, ba sa buɗewa duka, ba sa rufewa duka. Abokina ya dube ni, na dube shi.

Ban gama mamaki ba taubashina ya tayar da injin don ya nuna mana. Ya ɗora ƙaramin falanki, ya dafe shi da tafukan hannunsa biyu, bakin injin na gudu yana wucewa dab da yatsunsa. Na kashe injin ban san na kashe ba. A nan na lura da yatsansa na hagu naɗe da bandeji, kuma ya fi sauran gajarta.

“A gida na ce karkare ne,” in ji shi. “Baba da kansa ya zaɓo bawul ɗin nan a Kano. Ta yaya zan buɗe baki in ce bai iya ba?”

Sai na gane matsalar. Shi ɗan fari ne. Kawu ba ya kiran sunansa, ba ya zama inda yake, saƙo ma sai dai ya bi ta wani. In Kawu ya leƙo shago, babban allo ake ɗorawa wanda nauyinsa ke riƙe shi, ya ga aiki na tafiya ya koma. Na ji haushi sosai, na rasa wanda zan ji haushin.

Na sami Kawu a zaure. Bayan doguwar gaisuwa na zazzage bawul ɗina a gabansa. Ya ɗaga ɗaya ya jinjina, ya taɓe baki.

“Injin da na rabu da gona na saya, shi za ka sa wa robar masu noman rani?”

“Kawu, ɗaga shi sama ka leƙa.”

Ya leƙa, ya ga rami fayau, faɗinsa daidai da bututu. Na nuna masa juyi ɗaya ya buɗe, juyi ɗaya ya rufe, kuma daga nesa hannun bawul ɗin zai gaya maka halin da yake ciki. Na ce iska ba ruwa ba ce, hanya mai faɗi take so. Ya ce tagulla dai tagulla ce. Da na ga haka, sai na yi abin da ɗan ƙanwa kaɗai zai iya, na ce ya taso ya ga yadda ake yanka ƙaramin katako a shagonsa.

Ya tsaya daga bakin ƙofa. Taubashina ya sunkuyar da kai, ya dafe falanki, injin ya taho. Ko rabin layi bai yi ba Kawu ya damƙi kafaɗata.

“Ka ce wa wancan ya cire hannunsa.”

Ya naɗe babbar rigarsa, ya karɓi sifana a hannun abokina, ya durƙusa cikin garin katako ya kwance tagullar da kansa. Kafin la'asar mun ɗaura na roba. Aka ɗora falankin nan, aka rufe gida uku, ni da abokina muka tura shi da ƙarfi ko motsi bai yi ba. An kawo mana dambu da zogale.

Kawu ne ya raka mu tasha, abin da bai taɓa yi ba. Mota na shirin tashi ya matso jikin taga ya rage murya.

“Ba karkare ba ne, ko?”

Na ce a'a, Kawu. Ya gyaɗa kai, ya juya mini baya, ya daɗe yana gyara hularsa.

Mun shigo Kano bayan magariba. Abin da na koyo a kan bawul kaɗan ne: ka zaɓi mai faɗin bututunka, mai saurin rufewa, ka manta da ƙyalli. Abin da ya hana ni sukuni shi ne, tsakanin zauren Kawu da shagon nan bai fi taku kaɗan ba, amma sai da aka ɗauko mutum daga Kano kafin magana ɗaya ta isa, kuma ta isa bayan yatsa ya tafi.