Kocin da Aka Bari a Cikin Bas

A igamata, wato katin zamana a Riyad, an rubuta direba. Ban musa ba, da tuƙi nake cin abinci. Amma kafin in zo, shekara tara na yi ina horar da 'yan ƙwallo a wata kwalejin malamai a gida.

Kwalejin da nake ja wa bas sabuwa ce, ko raga ba ta da ita. Kullum bayan la'asar sai in ga ɗalibai suna dukan ƙwallo a bayan wurin ajiye motoci, kowa na bin ta kamar kaji an watsa musu tsaba. Abin ya riƙa ci mini rai, har wata rana na sauko na jera su. Ba ni da usur, sai na koma amfani da hon ɗin bas: ɗaya, a matsa gaba, biyu, kowa ya koma tsaron gida. Ni na shata filin da farar ƙasa, ni na tsara ranakun atisaye, ni na nace wa mudir, shugaban kwalejin, har ya sayo riguna.

Shekara biyu muna haka, sai aka gayyace mu wasa da wata kwaleji. A ƙofar fili mudir ya tare ni, da wani baƙon koci mai takarda a bayansa.

"Mamnu'," in ji shi, wato an hana. "Direba ba ya zama a benci. Jira a mota."

Wato kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na zagaya da bas na manna ta a jikin wayar da ta kewaye filin.

Minti goma aka zura mana ɗaya, baƙon koci na ta ihu, ko sunayensu bai sani ba. Na danna hon sau biyu. Yarana suka ja baya a tare. Da aka tafi hutun rabin lokaci, babu wanda ya nufi benci, duk suka taho jikin waya suna haki.

Mudir ya iso a fusace. Na leƙo ta taga na ce, "Kai ka ce in jira a mota, ya mudir. Ga ni a mota."

Kunnen doki muka tashi. Washegari aka mayar da ni ɗaukar kayan miya daga kasuwar Aziziya, ban kuma roƙi kowa ba.

Hoton ƙungiyar farko yana nan rataye a ofishin wasanni, babu ni a ciki. Amma duk wanda ya duba bayan yaran da kyau zai ga bas a jikin waya, da hannu ɗaya a kan sitiyari.