Motar Alhamis da Idon Dije

Mun tashi da asuba ranar Alhamis daga Kwalkwalawa, mu biyar a bakin titi. Akwai ni, da maƙwabciyata Dije wadda za a yi wa aikin ido, da wani gurgu mai gyaran takalma a bakin ƙofar jami'a, da wani tsoho manomin shinkafa mai ciwon fitsari, da wata bazawara mai kumburin ƙafa. A cikin motar muka tarar da direba da Madam Rifkatu, ma'aikaciyar da gwamnati ta ɗora wa jigilar tsofaffi da naƙasassu da marasa hali zuwa asibiti kyauta, Litinin da Alhamis. Ni nawa hawan jini ne da gwiwa, na saba da su. Dije ce ta fito da ni. Idonta na hagu ya mutu da daɗewa, yanar ido ta rufe na dama, kuma likita ya ce shi kaɗai ya rage da za a iya ceta.

Madam 'yar kudancin Kaduna ce, ba ta raina mutane, ba kuma ta makara. Da ƙafarta ta shigo garinmu gida-gida ta yi rajista, don haka ta san fuskar kowa. Yawancinmu ba mu da waya, sai ta rubuta kowane tsoho da sunan mai wayar gidansu, don in za a fasa tafiya a san wanda za a kira. Dije da sunan ɗanta Umaru aka rubuta ta, mai fataucin albasa, wanda a makon nan ya yi kudu da kaya. Ni takarda ba ta gaya mini komai. Kawuna nake ƙirgawa.

Matakalar motar ta yi tsawo, kamar ba don guragu aka saye ta ba. Sai da wasu masu wucewa biyu suka ɗaga mai gyaran takalma, aka ɗaure kekensa na hannu a saman mota. Yana sama yana ce musu, "Ku riƙe da kyau, yau kayan gwamnati kunka ɗauka." Shi kaɗai ya yi dariya.

Muka hau gada, gulbi ya cika ya tumbatsa, shinkafa kore shar har inda ido ya tsaya. Dije ta ce in gaya mata ko ruwa ya kai gindin giginyar nan da muke wanki muna 'yan mata. Na ce ya wuce. Ta ce in Allah ya yarda mako mai zuwa da kanta za ta duba, don ni ina da ƙari a magana. Daga nan hanya ta zama ramuka. Duk ramin da muka faɗa, tsohon nan mai ciwon fitsari sai ya damƙe kujera ya runtse ido. Bai nemi a tsaya ba ko sau ɗaya, saboda akwai mata a motar.

A Runjin Sambo muka ɗauki mutum uku cikin cunkoson keke-napep da babura. A Gidan Igwai akwai wani tsohon malamin makaranta ɗan wajen Jos, ɓarin jikinsa ya shanye, matarsa na tallafe da shi. Dokar motar ita ce suna ɗaya kujera ɗaya, kuma matar ba ta cikin takarda. Madam ta duba takarda, ta dubi mutumin, ta tashi ta ba matar kujerarta, ta yi sauran tafiyar a tsaye. Nan na sayi masa ta taga. Masar birni yanzu ta koma kamar maɓallin riga, kuɗin kuwa ya ninka. Na ɓoye ta a gefen zane ban ci ba, don an hana Dije cin komai kafin aiki.

Asibiti kuwa layi ne bisa layi. An shiga da Dije da hantsi, aka fito da ita bayan azahar da farin bandeji a idon dama. Nas ta ce aiki ya yi kyau, amma kada ta sunkuya, kada ruwa ya taɓa, kada komai ya bugi wurin har gobe a buɗe. Na zaunar da ita a benci a barandar sashen ido, na ba ta masa da ruwa, na ce kada ta motsa. Sannan na ja gwiwata zuwa ɗakin magani, can ƙarshen asibitin, in karɓi ƙwayoyina.

Ina cikin layi labari ya canja. An kira daga ofis an karɓe babbar motar, za a kwashi mutane zuwa wani taro, aka kuma kira Madam ita ma. Aka turo ƙananan motoci biyu da direbobin da ba su taɓa ganinmu ba, Madam ta aika musu sunaye ta waya. Ɗaya ta tsaya a ƙofar ɗakin magani, ɗaya a sashen ido. Direban wajenmu ya ce waɗanda aka yi wa aiki suna ɗaya motar, har ta tashi. Na tambaye shi sau biyu, sau biyu ya rantse. Gwiwata na zafi, na shiga. Wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa.

A Runjin Sambo motocin suka haɗu wajen sauke mutane. Na sauka na leƙa ɗayar, na ƙirga kawuna. Babu Dije.

Na ce wa direbanta, "Kai, ina tsohuwa mai bandeji?"

Ya ce, "Inna, duk sunan da ke cikin wayata na ɗaga murya na kira shi. Mutum ɗaya ne bai amsa ba, Umaru Kwalkwalawa. Sau uku na kira."

"Ba ka ga mace zaune bisa benci ba?"

"Na gan ta. Har na tsaya na ce, Inna, Umaru ɗanki ne? Ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Na ɗauka ba ta san shi ba."

Na ce, "Kai wane gari anka haife ka?"

Umaru ɗan fari ne. Tun ranar sunansa Dije ba ta taɓa furta sunan nan ba, ba ta taɓa amsa cewa ita ce uwarsa a gaban mutane ba. "Wancan" take ce masa. Haka aka rene mu, kuma ba ta taɓa cutuwa da hakan ba, don a gida kullum akwai wanda zai amsa a madadinta. Ranar nan babu kowa.

Na ce a koma asibiti, direban ya ce man da aka zuba masa na zuwa Kwalkwalawa ne kawai. Ban yi masa gardama ba. Na zauna a matakalar ƙofar motarsa, ƙafafuna a ƙasa, na ce ya ja. Mai gyaran takalma ya kira Madam a wayarsa, ta ce a juya yanzu-yanzu, ita ma ga ta nan bisa kabu-kabu, wato babur ɗin haya.

Mun isa rana ta yi ja. Bencin babu kowa, sai ledar masa. Wata mai shara ta ce tsohuwar ta zauna har la'asar ta wuce, sannan ta tashi tana lalube bango, ga alama ban-ɗaki take nema. Inda baranda ta ƙare akwai kwata ta siminti. Da fuska ta faɗa.

Muka same ta a gado a ɗakin mata, an sake mata bandeji, gefensa ya yi ja. Ta ji takuna ta ce, "Abu, ke ce? Na ji kiran da anka yi. Na ce ko wani namu zai amsa." Sannan ta ce, "Kada a gaya wa wancan, yana bisa hanya." Madam ta tsaya a bakin gado tana hawaye, tana cewa da ta sani da ta rubuta kowa da sunansa. Na ce mata ta share fuska, marar lafiya na jin ta. Nas ta ce likita ya tashi, sai da safe, kuma ba a kwana da 'yan jinya a ɗakin.

Na iso gida bayan magariba. Abin da na gani a tafiyar nan shi ne, motar kyauta alheri ce, ban musa ba, da yawanmu ba don ita ba ba za mu ga likita ba. Amma waɗanda suka tsara ta sun ɗauka tsoho zai buɗe baki ya nemi haƙƙinsa. Namu tsofaffin ba haka suke ba. Za su riƙe fitsari daga gada har birni, za su ji kiran motarsu su yi shiru. Duk mai tsohuwa ko tsoho, kada ya sa shi a motar nan shi kaɗai, ko da doka ta ce kujera ɗaya.

Washegari babu motar gwamnati. Na dama kunu, na hau keke-napep da kuɗina, na isa kafin likita ya shigo. Ina riƙe da hannun Dije ya kwance bandejin, ya haska fitila cikin idon, ya daɗe yana dubawa, sannan ya kashe fitilar ya dube ni. Dije na zaune ta ɗaga fuska sama tana jira. Ta ce, "To, ku buɗe mini in gani mana."

Na zuba kunu a kofi, na sa mata a hannu, na riƙe har ta sha. Sannan na fita baranda na nemi mai waya, na ce a kira mini Umaru.