Ginshiƙai Huɗu a Gindin Ɗorawa

Har yau ban manta da safiyar Litinin ɗin da labarin ya iso ni ba. Ina bakin siton sashen ayyuka na ƙaramar hukumarmu, ni da leburori muna loda kwanon rufi a bayan motar ofis, sai direbanmu Iliya ya miƙo min wayarsa ya ce ana nemana, an kira tawa ba ta shiga. Ƙanin abokin aikina Malam Haruna ne. Ya gaishe ni, ya tambayi iyali, sannan ya ce yayansa ya rasu bayan sallar asuba, za a yi jana'iza da hantsi a gidansu na Kafanchan. Na ce masa na ji. Na mayar wa Iliya wayarsa. Leburorin suna riƙe da fallen kwano, suna jira in ce su ɗora ko su ajiye.

Ku da kuka shigo aiki bayanmu kun sha tambayata labarin ginshiƙan nan huɗu da ke tsaye a Gindin Ɗorawa ba rufi. Wasunku sun ɗauka ɗan kwangila ne ya gudu. Ba haka ba ne. Tun da yanzu na ajiye aiki, bari in faɗa muku yadda abin ya kasance.

Hanyar nan da ke kai mutanenmu kasuwar Kafanchan ta ratsa ƙananan hukumomi biyu, tamu da ta maƙwabtanmu. Shekaru da yawa kowacce rabinta take gyarawa, a lokacin da ta ga dama. In mu mun zuba jar ƙasa bana, nasu ɓangaren ya zaizaye. In sun gyara baɗi, namu ya riga ya koma rami. Da damina ƙananan bas ba sa shiga, sai 'yan mashin, su kuma ba su iya ɗaukar buhunan citta yadda ya kamata. Daga baya ciyamomin biyu suka zauna suka yarda a haɗa kuɗi wuri ɗaya, a yi hanyar a matsayin aiki guda: a faɗaɗa ta, a sa kwalbatoci, a gina rumfunan jiran mota, ƙungiyar direbobi kuma ta yarda bas za su riƙa tsayawa a kowace rumfa.

Aka kafa kwamitin haɗin gwiwa. Akwai daraktocin ayyuka biyu, da injiniya, da wakilin direbobi, sai mu biyu masu shiga daji. Ni ne foman daga ɓangarenmu, wato mai tsayawa a kan magina da leburori. Malam Haruna kuma shi ne obasiyan hanya na ɗaya hukumar, mai lura da lafiyar hanyar kanta, inda ruwa ke ci da inda ƙasa ke zama.

Ban san shi ba kafin nan. Gajere ne, mai furfura a gemu, yana da wani tsohon mashin da sai an tura yake tashi. Ranar farko da ya ji ni dattijo ne a cocinmu, sai ya laƙaba min Elda, bai sake kirana Ayuba ba. Ni ma na rama, na sa masa Liman. Rani guda muka yi a kan mashin ɗin nan. In azahar ta yi sai ya tsaya ya shimfiɗa buhu ya yi salla, ni ina zaune a kan dutse ina jiransa. In ya idar yakan ce ya sa ni a addu'a amma bai ga alamar za ta kama ni ba.

Duk hanyar ba inda ya ba mu wuya kamar Gindin Ɗorawa. Wurin yana daidai kan iyaka. Hanyar ƙafa ta mutanen Tudu, da ke ɓangarenmu, a nan take fitowa. Ta mutanen Kwari, da ke ɗaya ɓangaren, ita ma a nan. Matan Fulani na rugar da ke bayan dutse su ma nan suke sauke ƙoren nononsu. Wata babbar ɗorawa ce a wurin, kowa a ƙarƙashinta yake jiran mota. Amma itacen yana kan kwana, daidai inda kwalbati zai zauna. Injiniya ya yi iya ƙoƙarinsa ya kauce masa, sai dai a hannu ɗaya falalen dutse ne, a ɗaya hannun rafi. Ba makawa sai an sare.

Ga wanda ba ɗan wurin ba ne, wannan ƙaramin abu ne. A wurinmu ba haka yake ba. Tudu da Kwari sun daɗe da saɓani a kan filin nan, kuma yadda iyayenmu suka kashe maganar shi ne kowa ya bar shi yadda yake. Wanda duk ya sare itace a wurin, ko ya kafa ko da turke ne, to ya ce ƙasar tasa ce. Hukuma ma in ta kafa, za a tambaya hukumar wane ɓangare. Ni ɗan Tudu ne, gonar mahaifina ba ta da nisa da rafin, saboda haka bakina ba ya shiga maganar.

Malam Haruna ya ce a bar masa. Shi ɗan kasuwar Kafanchan ne kaka da kakanni. Kakansa ya sayi citta a hannun mutanen Tudu da na Kwari, mahaifinsa ma haka, kuma ba su taɓa mallakar ko kunyar gona ɗaya a yankin ba. Ranar da ya fara zuwa wurin dagacin Kwari na raka shi, amma na tsaya daga bakin ƙofa. Tsohon ya dube shi ya ce, "Haruna, faɗa min gaskiya, wa ya aiko ka?"

"Ranka ya daɗe, ba ni da gona a nan, ba ni da niyyar yin ta. Ka dubi bayan nan nawa, ya yi kama da na mai riƙe garma?"

Tsohon ya yi dariya, ya sa aka kawo masa ruwa. Daga ranar Malam Haruna ya yi ta kai da kawowa tsakanin dagatan biyu. Wani lokaci ya je bai ma ta da maganar ba, ya yi gaisuwar rashin lafiya kawai ya dawo. A ƙarshe ga abin da aka tsayar: samarin ƙauyukan biyu za su sare itacen tare. Rumfar za ta zama mai ginshiƙai huɗu, maginan Tudu su yi biyu, na Kwari su yi biyu. Ba za a kafa allo mai sunan kowa ba. Rufi kuwa, tun da shi ne zai lulluɓe duka, ba hannun ɗan Tudu ko ɗan Kwari da zai taɓa shi. Malam Haruna ne zai zo da kafinta daga Kafanchan, ya tsaya da kansa har a buga ƙusar ƙarshe. Dagatan suka ce da wannan sharaɗi suka yarda, ba da wani ba.

Ranar saran itacen, ɗorawar ta fara fitar da jajayen furanninta. Mata suka taru daga nesa suna kallo. Akwai wata Mama Saraya, 'yar Kwari, mai sayar da citta da daddawa, wadda ba ta ɓoye abin da ke ranta. Da itacen ya faɗi sai ta nufo Malam Haruna ta ce, "Malam, ka kashe mana inuwa. In ruwa ya sauko babu rumfa, gidanka zan kawo kayana."

Ya ce, "Mama, kafin ruwan farko za ki zauna a ƙarƙashin kwano. In ba haka ba ki zo, maiɗakina za ta share miki ɗaki, har da tuwo."

Wata Bafulatana mai suna Dije, wadda kullum take ajiye mana nono, ta ce ita tun tana yarinya take jin alƙawarin gwamnati, amma wannan ba gwamnati ta ji ba, Haruna ta ji. Mama Saraya ta ce mata to ta riƙe shaida.

Aikin ya tafi daidai. Kwalbati ya zauna, hanya ta buɗe, sauran rumfuna duk aka rufe su. Kafin Ista ginshiƙan Gindin Ɗorawa sun tashi, siminti ya bushe. Malam Haruna ya so a ɗora rufin a wannan makon. Daraktanmu ya ce a dakata, domin ciyamomin biyu suna son su zo da kansu a yi a gabansu, tun da wurin shi ne alamar haɗin kan. Ban ga laifinsa ba, umarni aka ba shi. Sai ɗaya ciyaman ya yi tafiya. Da ya dawo, aka yi wa ɗayan rasuwa. Aka ɗaga, aka sake ɗagawa.

Wata Juma'a muka shiga ofishin darakta tare. Malam Haruna ya cire hularsa ya share gumi ya ce, "Yallaɓai, gabas ta fara baƙi da yamma. Na yi wa matan nan magana da bakina." Darakta ya ce mu je mu rufa ranar Litinin, bikin a yi shi daga baya, shi zai ɗauki faɗan. Muka fito muna murna. Na lura a kwanakin nan Malam Haruna yana yawan dafe ƙeya, ya ce min hawan jini ne, yana shan magani. Na tura masa mashin ya tashi, ya waiwayo ya ce, "Elda, kai ka zo da kwano da ƙusa, ni zan zo da kafinta. Kada ka tsaya wa'azi a hanya."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Ranar Litinin ɗin, da na dawo hayyacina, na ce a mayar da kwanon sito. Iliya ya ja mota muka kama hanyar Kafanchan, hanyar da muka gyara. Da muka iso Gindin Ɗorawa mata suka miƙe suna ɗaga mana hannu, sun ɗauka rufin ne ya zo. Na ce wa Iliya ya tsaya. Na sauka na gaya musu. Mama Saraya ta zauna a kan buhunta. Dije ta ja mayafinta ta rufe fuska. Ko da muka isa Kafanchan mutane suna dawowa daga maƙabarta. Ban ga fuskarsa ba.

Ranar addu'ar uku dagatan biyu duk sun zo, suka zauna a tabarma ɗaya a ƙofar gidan. Da na ga haka sai na ɗauka maganar rufi ba za ta yi wuya ba. Bayan an share makoki na tafi wurin dagacin Kwari, na durƙusa na ce a ba ni izini in ƙarasa abin da abokina ya bari.

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Ayuba, ni ba ni da damuwa da kai, na san mahaifinka. Amma kai ɗan ina ne? Yau ni da kai mun san dalili. Jikokina abin da za su ji shi ne ɗan Tudu ne ya rufa."

Ban yi musu ba, domin gaskiya ya faɗa. Na kawo shawarar a kira ƙanin marigayin, mai sayar da yadi a kasuwa, ya tsaya a madadinsa. Mutumin ya yarda nan take. Dagacin Kwari ya ce zai duba. Namu dagacin ya ce da Haruna aka yi magana, in za a sa wani sai an sake tara dattawa. Kafin a tara su ruwa ya sauka, kowa ya shiga gona. Kafin a cire amfanin gona wa'adin ciyamomin ya ƙare, aka kawo masu riƙon ƙwarya, kwamitin bai sake zama ba. Na rubuta, na bi da ƙafa, kowa ya ce abu ne mai kyau, a jira lokaci. Kwanon ya yi ta zama a sito har iska ta yaye rufin wata makarantar firamare, aka ba su shi. Wannan bai dame ni ba, yara ne suka amfana.

A tsakiyar daminar nan na bi ta wurin a kan mashin, ana yayyafi. Na tarar da Mama Saraya tsaye tsakanin ginshiƙan, ta lulluɓe buhunanta da leda, ita kanta tana jiƙewa. Na tsaya na gaishe ta, ina jiran ta tuna min alƙawarin. Ba ta tuna min ba. Cewa ta yi, "Elda, yaya yaran Malam? Suna zuwa makaranta?" Na ce suna zuwa. Ta ce Ubangiji ya riƙe su. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Abin da nake so ku ɗauka a nan ba mai yawa ba ne. Hukumomi biyu suna iya haɗa kuɗi da motoci da injiniya, kuma mun ga amfanin haka, domin yau bas suna shiga ko da damina. Amma a aikin iyaka akwai gaɓar da ba kuɗi ke riƙe ta ba, amincewar da aka yi wa mutum ɗaya ce. Mu duka a kwamitin mun ji daɗin samun Malam Haruna, babu wanda ya tuna cewa shi ma mai rai ne. In kuka sami irin wannan mutum, ku gama aikin da ke wuyansa kafin kowane aiki, biki ya biyo baya. Kuma kada ku sare wa mutane inuwar da suke da ita sai abin da za ku maye musu da shi yana hannunku.

Na bi ta wurin a makon da ya wuce. Har yanzu Gindin Ɗorawa ake kiransa, direbobi suna tsayawa, mata suna jira. Rodin da ke saman ginshiƙan ya yi tsatsa. Ba a ɗora rufin ba.